Shaidar da Na Kankare a Gindin Kwano

Ban taɓa zama a aji ba, ban san alƙalami ba sai a hannun wani. Wannan labari da bakina na faɗe shi aka rubuta, kuma na sa an karanta mini shi tun daga farko har ƙarshe, don kada mai rubutu ya ji tausayina ya rage abin kunyar da ke ciki. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. Tsofaffin Gwandu sun san ni, ba sai an tuna musu ba.

A Gwandu aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ina da shekara wajen arba'in. Ya bar mini gida mai ɗaki uku da rumbu, 'ya'yana mata biyu kuma sun riga sun tafi gidajen mazansu. Ban iya zama hannu rabbana ba, sai na kama dillanci. Ga wanda bai sani ba, dillaliya ita ce ƙafar matan da ba su fita. Mace ta ba ki zanenta ko tasarta ki sayar mata, wata ta ce ki nemo mata kayan jeren ɗiyarta. Kina shiga gida ki fita gida, har ƙuryar ɗaki, inda ko ƙanin miji ba ya taka ƙafa.

Ni mace ce mai tsanani tun ina yarinya. Ba na dariyar banza. Yarinya ta wuce ni ba gaisuwa, sai na kira ta ta dawo ta durƙusa. Wannan hali shi ya sa aka yarda da ni. Magidanta kan ce wa matansu, in dai ita ce, ta shigo. Kuma Allah ya ba ni ido. In na shiga ɗaki sau ɗaya, na san kwano nawa ne a jere, na san inda makullin akwati ke kwana, na san katangar da damina ta ci. Ido baiwa ne. Ni ce na mai da shi abin da ya zama.

A wancan zamani kowace mace tana da shaidarta a gindin kwano. Wata ta ɗiga jan farce sau uku, wata ta ja layi da shuɗin fenti, wata ta yi ƙafar kaza. Dalili shi ne biki. Ranar suna ko aure kwanukan unguwa duka sukan taru gida ɗaya, in an watse kowa ta kifa kwano ta duba gindi ta ɗauki nata. Ni kuwa babu shaidar da ban haddace ba a Gwandu. Har rigima nake rabawa da ita. Mata biyu su kama kwano ɗaya, a ce a kira ni, in duba in ce na wance ne, magana ta ƙare.

Abin ya fara ne da langa ɗaya mai furanni. An yi suna a unguwarmu, na dawo gida na zazzage buhuna, sai ga ta cikin kayana. Wallahi ban sa ta da gangan ba. Na kifa ta, na ga ɗigo uku ja, na san ta Hajiya Kulu ce, matar mai ɗinki a bayan masallaci. Tsakanin gidana da nata bai kai a sha ruwa ba. Na ce gobe na kai mata. Gobe ta yi, na ce jibi. Rana ta uku na shiga gidanta da wasu zannuwa, ta ce mini, "Goggo, ko kin gane min langata wurin sunan nan?" Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ku yaran zamani ba ku tattalin kaya." Ta sunkuyar da kai, ita ce ma ta ji kunya.

Da na koma gida na sami toka da ɗan dutse mai kaushi, na zauna na kankare ɗigon nan uku har suka ɓace. Ranar kasuwar Kalgo na tafi da ita, domin ina da gidajen da nake shiga a can da Diggi. Wata amarya ta saye ta tana murna. Babu wanda ya tambaye ni komai. Wannan shirun shi ya halaka ni. Da a ranar wani ya tsare ni da tambaya, da watakila ban kai inda na kai ba.

Daga nan duk bikin da na je ba na dawowa hannu wofi. Yau faranti, gobe samira, wata rana ɗan kunnen da aka ajiye bakin taga za a yi alwala. Ina kankarewa ina kaiwa Kalgo. Lissafina shi ne matar Gwandu ba ta fita, matar Kalgo ba ta fita, kayan da suka bar wannan ɗaki suka shiga wancan sun shiga rijiya ke nan.

Akwai wani direban a-kori-kura da ke ɗaukarmu zuwa Kalgo ta Birnin Kebbi, ana ce masa Sani Direba. Wata rana yana ɗora buhuna sai bakin ya kwance, kwanuka suka zube suka kife a ƙasa. Ya tsince su ɗaya ɗaya yana juyawa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Inna, kwanukan ga naki gindinsu ya fi fuskarsu haske."

Na ce, "Kai dai tuƙi anka koya ma, tsaya gare shi."

Ya ce, "Awo. Amma kina wahala a kan langa, ga keken ɗinki na zaune a ɗakuna. Ke ki faɗa mini gidan da za a watse, saura ba ruwanki."

Na zage shi a ranar. Mako biyu bayan haka ni na neme shi.

Aikin ba wuya. Ni nake jin ranar da gida kaza za su tafi biki garin Dalijan gaba ɗaya, ko ranar da mai gida ke gona mata sun tafi gaisuwar mutuwa. In faɗa wa Sani, in gaya masa ta inda katanga ta yi ƙasa da inda makulli yake. Shi da wasu mutum biyu su shiga da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi tsit, su kwashe keken ɗinki, rediyo, akwatin zannuwa, jeren amarya. Su cusa a buhunan dawa su sauke a zaurena kamar hatsi na saya. Ni in shigar ɗakina, ƙarƙashin gado da cikin rumbu. Na kwantar da hankalina a kan abu ɗaya: 'yan sanda maza ne, gidan mace kuwa ba shiga. Ko sun yi zato, wane namiji ne zai ɗaga labulen gwauruwa mai jikoki a garin Gwandu?

Cikin shekara biyu an shiga gidaje da yawa. Gari ya ɗauki zafi. Mata suka fara kallon juna, aka fara cewa ɓarawon nan ɗan gida ne, ko yana da mai yi masa ido. Na ga maganar tana zagayowa, sai na nemi inda zan sauke ta.

Akwai wata Bafilatana mai suna Dudu, daga wata ruga kusa da Ceberu, da ke kawo nono Gwandu. Ba ta fi shekara talatin ba. Ita ma gida gida take shiga kamar ni. Mace ce mai son wasa. Nakan ce mata, "Dudu, yau ma kin yi wa nonon ga wanka." Ta ce, "Goggo, saniya ce ta sha ruwa da yawa, ki je ki yi mata faɗa." Kullum sai ta ƙara mini ludayi ɗaya, ta ce na tsufa ne. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

An shiga gidan wani Alhaji aka kwashe jeren ɗiyarsa ana saura kwana tara biki. Na je jaje, mata sun cika tsakar gida, uwar yarinya na kuka. Na zauna na yi shiru har aka dube ni, domin an san ba na magana sai da dalili. Sai na ce, "Ni dai ban ce komi ba. Amma shekaranjiya na ga mai nono ta daɗe tana duban ƙofar ɗakin nan."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban rantse ba, ban ƙara ba. Kafin la'asar maganar ta gama gari, kuma ba wanda ya ce daga bakina ta fito, kowa cewa yake an gan ta.

Washegari Dudu ta shigo da ƙwaryarta, ba ta san komai ba. Gida na farko aka kore ta. Gida na biyu aka rufe ƙofa. A bakin kasuwa mutane suka kewaye ta, wani ya ture ƙwaryar ta faɗi ta fashe, nono ya malale a ƙasa. Ina tsaye daga nesa ina kallo. Ta hango ni ta ɗaga murya, "Goggo, ke kin san ni, ki faɗa musu." Na gyara mayafina na juya. Aka ja ta zuwa caji ofis ana yi mata ihu.

A nan ne aikin ya faɗa hannun wani Saje da ba a daɗe da kawo shi Gwandu ba. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Mutane sun so ya kulle ta, shi kuwa ya ba ta tabarma da ruwan sha. Daga baya na ji abin da ya ce wa Alhajin da ya kai ƙara: "Alhaji, macen da ke ɗauke da ƙwarya a ka, a wane hannu ta ɗauki keken ɗinki zuwa Ceberu? In kuwa ido take yi wa wasu, to, a ba ni lokaci in ga su wane ne." Ya tambayi Dudu ranakun da take zuwa gari, ya gwada da ranakun da aka yi sata, ya ga rabinsu ba ta ma shigo Gwandu ba. Ya sa aka kira mijinta ya tafi da ita a ranar.

Sai dai sakin ɗan sanda bai wanke ta a idon gari ba. Mutane suka ce an ba da saniya ne. Dudu ta daina zuwa Gwandu. Na ji an ce har a rugarsu mata sun daina zama da ita wurin tatsa, dangin mijinta na cewa ta jawo musu abin faɗa. Na ji duk wannan, na ci tuwona na sha ruwa.

Saje bai bar maganar ba. Na zaci zai yi kwana biyu ya gaji. Sai na ga an kawo wata 'yar sanda daga Birnin Kebbi, ana ce mata Kofur Laraba. A lokacin ban taɓa ganin mace 'yar sanda da idona ba. Ba ta sa kaki, zane take ɗaurawa ta yafa gyale. Mai unguwa ya nema mata izini wurin magidanta, ta riƙa shiga gidajen da aka yi wa sata, ta zauna ta taya su tsinkar zogale suna hira. Tambayarta biyu ce kullum. Wa ya shigo gidan nan cikin makon da aka yi satar? Wa ya san za ku fita? Ta rubuta a ɗan littafi ta tafi.

Rannan sai ga ta a gidana. Na tarbe ta, fuskata ba ta nuna komai ba. Ta gaishe ni har ƙasa ta ce, "Inna, an ce babu shaidar kwanon da ba ki sani ba a garin nan. Taimako na zo nema." Na zauna da ita a tsakar gida, ina zana mata shaidu a ƙasa da tsinke tana kwafewa. Ga ta Hajiya Kulu, ga ta uwar amarya, ga ta wance. Kayan da muke magana a kansu suna bayanta, taku biyar, ƙarƙashin gadona. Har faɗa na yi mata, na ce aikinsu ya yi sanyi, ɓarayi sun raina su. Ta ce, "Gaskiya ne, Inna. A yi mana haƙuri." Da ta fita na yi dariya ni kaɗai. Na ce ta tafi neman shaidar da babu ita a duniya.

Abin da ban sani ba, Saje ya lura cewa ko cokali ɗaya na kayan satar bai taɓa fitowa a kasuwar Gwandu ba. Ya ce to mota ke fitar da su. Ya aika wa 'yan sandan garuruwan da ke kewaye, shi kuma ya riƙa zama a tasha ranakun kasuwa kamar mai jiran baƙo, yana kallon wanda ke tafiya da buhu. A littafin Kofur Laraba kuwa sunaye suna canzawa daga gida zuwa gida, mai nono tana nan a wani gida ba ta nan a wani, mai kitso haka, unguwarzoma haka. Suna ɗaya ne kawai yake fitowa a kowane gida, shi ne nawa.

Sai Kofur Laraba ta tafi Kalgo. 'Yan sandan can suka haɗa ta da mai unguwa, ta shiga ɗakunan amare tana yaba jere, tana ɗaukar kwano tana kifawa. Ba ta sami ɗigo ko layi ba. Abin da ta samu shi ne wuri ɗaya kamar faɗin babban yatsa, fari tas, a tsakiyar gindin kwano, sauran gindin kuwa da dattinsa na shekaru. Ta same shi a gida na farko, ta same shi a na biyu, ta same shi a Diggi. Daga baya ta ce mini, "Inna, duk tsabtar mace ba ta wanke wuri ɗaya ta bar saura." Ta tambayi kowace amarya wa ya sayar mata. Duka amsa ɗaya suka ba ta: dillaliyar Gwandu, mai tsare gida ɗin nan. Sani Direba ya faɗa mini maganar hasken gindin kwanukan nan tun ranar farko a tasha, girman kai bai bar ni na ji ba.

Da hantsi suka zo, ina shara. Na ji sallamar mai unguwa a zaure. Na fita na tarar da shi da Saje da 'yan sanda biyu, mutane sun fara taruwa. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe tsintsiyata na ce, "Mai unguwa, kai ka san gidan ga ba shiga. Tun da mai shi ya rasu namiji bai taka tsakar gidan ga ba."

Saje ya ce, "Awo, Inna, mun sani. Mu ba mu shiga. Ga ɗiyarki nan, ita za ta shiga, da iyaye mata biyu su zama shaida."

Kofur Laraba ta fito daga bayansu, yau da kakinta. Tare da ita akwai tsofaffi biyu na unguwarmu, ɗaya ma tare muka yi wasan ƙasa. Na matsa. Suka yi ta fitowa da kaya suna jerawa a ƙofar gida, daga ƙarƙashin gado, daga rumbu, daga tsohuwar randa. Babu wanda ya zage ni. Da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Tsohuwar da muka tashi tare ta wuce ta gabana da akwati a ka, ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Ashe ke ce."

Sani Direba ya ji labari ya bar motarsa ya gudu. Bai yi wata ba 'yan sandan Kalgo suka kama shi a hanyar Diggi, shi kuma ya nuna sauran biyun. An karɓo kayan da na sayar a Kalgo gida gida, da haƙuri da lallashi, domin waɗanda suka saya ba su da laifi.

Ranar da ta fi kowace rana ɗaci a rayuwata ita ce ranar mai da kaya. An shimfiɗa tabarmi a filin caji ofis aka jera komai. Magidanta suka ba matansu izini suka zo, wasu kuwa tsofaffi ne suka wakilce su. Keke da rediyo da zannuwa ba su yi wuya ba, kowa ya gane nasa. Kwanuka ne suka gagara. Iri ɗaya ne, daga kasuwa ɗaya, shaidar kuwa na kankare. Mata suka fara jayayya a kan samira ɗaya.

Saje ya sa aka fito da ni. Ya ce, "Inna, ke kika goge, ke kaɗai kika san abin da ke wurin. Ba zan tilasta ki ba. Amma in ba ki faɗa ba, matan ga za su koma gida da gaba a tsakaninsu, bayan asarar da sunka yi."

Na durƙusa a kan tabarma. Na ɗauki kwano na farko na kifa, ba komai a gindinsa sai farin tabo, amma idona yana ganin abin da ke wurin dā. Na ce, "Layi biyu shuɗi. Na Ige ne." Ige ta matso ta karɓa daga hannuna. Ita ce ta yi mini jinya sati biyu lokacin da na yi zazzaɓi. Na ɗauki na biyu. "Ƙafar kaza. Na Ta-Allah ne." Haka na yi ta yi, ina kiran suna mai suna na zuwa, har rana ta karkata. Langa mai furanni tana cikin na ƙarshe, an karɓo ta daga Kalgo. Hajiya Kulu ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Goggo, ai kin ce ba mu tattalin kaya." Ban ɗaga kai ba.

Da aka gama, Saje ya ce saura abu ɗaya da ba a kan tabarma yake ba. Ya tambaye ni a gaban kowa, "Mai nono tana da hannu?" Na ce babu. Ya ce, "Wa ya fara ambaton ta?" Na ce ni ce. Ya sa na maimaita da ƙarfi don na baya su ji. Sannan ya roƙi mai unguwa a sa sanƙira ya zaga gari ya yi shela cewa Dudu ba ta ɗauki ko allura ba. Shi da kansa ya hau keke ya tafi rugarsu ya faɗa a gaban Arɗo da dangin mijinta. Babu wanda ya sa shi. Ɓarayi suna hannu, kaya sun koma, da ya tsaya nan ma ba mai cewa bai yi aiki ba.

Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Na yi daka, na yi wanki, na koyi yin shiru a gaban 'yan matan da na girme su nesa ba kusa ba suna ba ni umarni. 'Ya'yana sun zo sau ɗaya ɗaya, babbar ta ce mini mijinta ya hana ta ambaton sunana a gidansa. A can wata tsohuwa ta gyara mini karatun sallah, na gane shekara da shekaru ina kai goshina ƙasa ne kawai. Na shiga muna jihar Sakkwato, na fito aka ce yanzu mu 'yan jihar Kebbi ne. Yankinmu ya sami sabon suna, ni nawa yana nan yadda na bar shi.

Kwana uku da fitowata na kama hanyar Ceberu da ƙafa. Na tambaya aka nuna mini rugar. Na sami Dudu a gindin bishiya tana kaɗa nono, ta rame, amma ita ce. Ta gane ni tun daga nesa. Ba ta tashi ba, ba ta kore ni ba. Ta tura mini tabarma da ƙafa, ta zuba mini nono a ƙoƙo. Na kasa sha. Na ce na zo neman gafara.

Ta ci gaba da kaɗa nononta. Ta ce, "Goggo, ƙwaryar da anka fasa, na yafe. Ihun da anka yi min, na yafe. Saje ya zo nan ya wanke ni, Allah shi saka mai, mijina bai sake ni ba, yanzu ina kai nono Gwandu ana saye." Ta ajiye abin kaɗin. "Amma innata ba ta ga zuwan Saje ba. Tun ranar da anka ce ɗiyarta ɓarauniya ce ta shiga bukka ta daina fita. Ta rasu saura kwana goma sha ɗaya ya zo. Abin da ta ce min na ƙarshe shi ne, Dudu, in kin ɗauka ki mayar. Na rantse mata, ta juya fuska. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Sai ki tambaye ta in kun haɗu."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in sha nonon, hanya da nisa. Na sha, domin ƙin sha wani laifin ne. Na tashi na dawo.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan. Ban sake dillanci ba, babu ma gidan da zai buɗe mini. Ƙuli-ƙuli nake soyawa a ƙofar gida. Na tuba, kuma ina sa rai ga rahamar Allah, amma malamai sun gaya mini hakkin mutum sai mai shi ya yafe, mai nawa kuwa tana cikin ƙasa. Kullum na idar da sallah ina yi mata addu'a, matar da ban taɓa ganin fuskarta ba, ko sunanta sai daga baya na tambaya.

To, ku 'yan mata da samari, ku saurare ni, don ba zan lallashe ku ba. Abin da ba naku ba, in ya faɗo hannunku, ku mai da shi kafin rana ta faɗi, kada ku ce gobe. Kada ku dogara da cewa an yarda da ku, yardar nan ita za a fara tambayar ku. Kada ku raina ɗan sandan da ba ya hayaniya, yana ƙirga abin da kuka manta. In an zo tambaya a unguwarku, ku faɗi abin da idonku ya gani, iyakarsa, kada ku ƙara ko gishiri. Kuma duk tsananin da kuka shiga, kada ku ɗauki laifinku ku aza wa wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Kayan da na sata 'yan sanda sun bi su har Kalgo da Diggi sun mai da wa masu su, shekara ukun da aka yanke mini na yi na gama. Magana ɗaya da na faɗa a zaune a gidan jaje, ita ce har yau ban sami wanda zai karɓe ta daga kaina ba.